Itacen Oak: Yadda Ya Zama Alamar Ingila Da Jamus

Kowace al'umma takan zaɓi wani abu ta ce shi ne alamarta, ta buga shi a jikin tutarta ko kuɗinta, don kowa ya gani ya san ita ce. Wasu sun ɗauki gaggafa, wasu tauraro, wasu jinjirin wata. Ingilishi suna da zaki a tambarin sarautarsu, amma fa zakin aro ne, domin babu shi a dajinsu. Abin da yake nasu na gado shi ne wani itace da suke kira oak. Babu wata doka da ta naɗa shi, jama'a ne suka ɗauke shi da kansu. Abin mamaki kuwa, Jamusawa, waɗanda suka gwabza yaƙi da Ingilishi har sau biyu a cikin ƙarni na 20, su ma wannan itacen suka riƙe, kowa yana cewa halin mutanensa ne a jikinsa. To, yaya aka yi abokan gaba biyu suka fake a inuwa guda?

Bari mu fara da shi kansa itacen, tun da yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Ba ya fitowa a ƙasashenmu masu zafi. A Afirka asalinsa sai can arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, inda Larabawa ke ce masa ballut. Irinsa ya kai wajen 500 a duniya, amma wanda muke magana a kansa shi ne na ƙasashen Turai. In kana so ka kwatanta shi, ka tuna da tsohuwar tsamiya wadda ta sami fili ta baje rassa, sa'an nan ka ƙara mata kauri da tsawo, domin yakan kai ƙafa 100. Ganyensa bai cika tafin hannu ba, gefensa kuwa shiga da fita ne, kamar an yi masa ado da almakashi. 'Ya'yansa ba su kai dabino girma ba, kowane ɗaya yana zaune a cikin ɗan ƙoƙo. Da kaka ganyen yakan bushe ya zube, itacen ya tsaya tsirara har sanyi ya wuce.

Babban halinsa shi ne rashin gaggawa. Sai ya shekara wajen 40 kafin ya soma 'ya'ya sosai, ba a kuwa samun babban katako a jikinsa sai ya kusa shekara 100, ko ya wuce. Watau wanda ya shuka ba shi zai sara ba, ba kuma ɗansa ba, sai jika ko tattaɓa-kunne. In an bar shi yakan daɗe ƙwarai. A dajin Sherwood, tsakiyar Ingila, an sami wani da masana suka ƙiyasta shekarunsa 800 zuwa 1,000, da aka zagaya gindinsa da igiya aka tarar ya fi ƙafa 30. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta rashin gaggawa, domin za mu komo kanta.

Mutanen Turai na da, tun suna bautar gumaka, sun girmama shi. Yunanawa sun ce itacen babban gunkinsu ne, Zeus mai tsawa, har a wani wuri da ake kira Dodona bokaye sukan saurari motsin ganyensa su yi duba. Rumawa kuma, in soja ya ceci ran ɗan ƙasarsu a fagen fama, sai a saƙa masa kambi da ganyen oak, in ya shigo wurin wasa har dattawan majalisa su miƙe masa tsaye.

A Ingila amfaninsa ne ya fara shigar da shi ran mutane. A 1086, sa'ad da Sarki William, wanda ya ci ƙasar da yaƙi, ya aika a ƙidaya dukiyarta saboda haraji, a larduna da yawa ba da eka aka auna daji ba, sai aka rubuta yawan aladun da 'ya'yan itatuwansa za su iya ƙosarwa. Da ɓawonsa majema ke jeme fata, kamar yadda namu ke yi da bagaruwa. Akwai kuma wani ƙullutu da ke fitowa a reshensa in wani ɗan ƙwaro ya yi ƙwai a ciki, shi ake dakawa a haɗa da sinadarin ƙarfe da ƙaro a yi tawada. Da irin wannan tawada aka rubuta Magna Carta a 1215, watau takardar nan da hakimai suka tilasta wa Sarki John ya buga mata hatimi, ya yarda shi ma doka tana kansa. Katakon kuwa ba a magana, ga nauyi, ga tauri, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri. Rufin babban zauren Westminster a Landan, wanda aka ɗora a ƙarshen ƙarni na 14, na oak ne, nauyinsa ya fi tan 600, yana nan har yanzu.

Duk da haka, amfani kaɗai ba ya mai da abu alamar ƙasa. Sai da wani sarki ya gudu ya hau kansa tukuna.

A ƙarƙashin rufin nan na Westminster aka yi wa Sarki Charles na 1 shari'a. Tun 1642 yake yaƙi da Majalisar ƙasarsa a kan wa ke da ikon sa haraji da riƙon soja, da kuma sha'anin addini. Majalisa ta rinjaye shi, aka yanke masa hukunci, aka sare kansa a bainar jama'a ran 30 ga Janairu, 1649. Aka ce daga ranar ba sauran sarki a Ingila. Ƙarfi ya koma hannun Oliver Cromwell, babban mayaƙin Majalisa.

Sarkin ya bar ɗa, shi ma sunansa Charles. Mutanen Sikotlan suka naɗa shi a farkon 1651, ya tara runduna ya nufo kudu neman gadon ubansa, yana tsammani Ingilishi za su taso su bi shi. Ba su taso ba sai ƙalilan. Cromwell ya tare shi a garin Worcester ran 3 ga Satumba da mayaƙa wajen ninki biyu na nasa, kafin dare ya yi musu kaca-kaca. Charles, saurayi ɗan shekara 21, ya sulale daga garin ya yi arewa, ya kwana yana sukuwa.

Da asuba aka danƙa shi ga wasu 'yan'uwa su biyar, 'yan gidan Penderel, talakawa masu noma da saran itace. Suka aske masa dogon gashinsa, suka sa masa tsofaffin tufafin mai saran itace, suka shafa masa baƙin tukunya a fuska. Amma akwai abin da ba shi ɓoyuwa: mutumin dogo ne, ya fi ƙafa 6, a zamanin da irin wannan tsawo ba shi da yawa. Takalman da aka samo masa sun matse shi har ƙafarsa ta yi jini. Ya yi ƙoƙarin ƙetare kogin Severn ya shiga ƙasar Wales, ya tarar an tsare mashigai duka, sai ya juyo cikin dare zuwa wani gida a tsakiyar daji da ake kira Boscobel.

A nan ya iske wani hafsansa, William Careless, wanda shi ma ya tsere daga Worcester. Careless ya ce zama cikin gida hatsari ne, shiga daji ma hatsari ne, domin nan za a fara bincike. Ya nuna wani babban oak a fili, wanda aka sassare wa rassa shekara uku ko huɗu da suka wuce, ya sake tofo ya yi duhu. Ran 6 ga Satumba suka hau, da guzurin burodi da cuku da ɗan abin sha, suka yini a sama. Daga can suna hangen sojojin Majalisa suna kai da kawowa cikin kurmi suna neman waɗanda suka gudu. Gajiya ta kama sarki, ya ɗora kai a jikin Careless ya yi barci. An ce da hannun Careless ya yi sanyi, ya ga sarki na shirin suɓucewa, ga shi ba halin magana, sai ya mintsine shi ya farka.

Majalisa ta sa ladan fam 1,000 ga wanda ya kama shi, ta ce wanda ya ɓoye shi kuwa kisa ne hukuncinsa. A zamanin lebura bai cika samun fiye da sule ɗaya a yini ba, watau sai ya yi shekara fiye da 50 yana aiki kullum kafin ya tara wannan kuɗi. Mako shida Charles yana yawo daga gida zuwa gida, wani lokaci a matsayin baran wata mace, Jane Lane, yana riƙe mata doki. Mutane da yawa sun gane shi, ba wanda ya sayar da shi. Ran 15 ga Oktoba ya shiga wani jirgin dakon kwal a Shoreham, kashegari ya sauka Faransa. A ganinmu waɗannan talakawa su suka fi itacen cancantar yabo, amma ba a iya buga hoton mutum hamsin a jikin allo, itace guda kuwa kowa na iya zana shi.

Cromwell ya mutu a 1658, mulkin da ya kafa bai jima bayansa ba. Aka kirawo Charles, ya shiga Landan ran 29 ga Mayu, 1660, ranar da ya cika shekara 30 daidai. Majalisa ta mai da ranar ta zama ranar hutu da godiya kowace shekara. Mutane sukan maƙala ganyen oak a hula ko a riga, wanda aka gani ba shi da shi kuwa yara su bi shi da wani ganye mai ƙaiƙayi, wai shi maƙiyin sarki ne. Aka yi ta wannan biki har 1859 da aka soke shi daga ranakun gwamnati, ko da yake wasu ƙauyuka ba su bari ba. Sarki ya yanka wa 'yan gidan Penderel fansho, su da zuriyarsu. Shi kansa ba ya gajiya da ba da labarin, har a 1680 ya zaunar da wani ma'aikacinsa, Samuel Pepys, ya faɗa masa ya rubuta. Masu gidajen giya suka shiga sa wa gidajensu suna Royal Oak, watau Oak ɗin Sarki, da hoton itace da kambin sarauta a cikin rassansa, suka yi ɗaruruwa a ƙasar.

Shi itacen fa? Ƙauna ce ta kashe shi. Maziyarta suka yi ta zuwa, wannan ya ɓalli reshe, wancan ya ɓare ɓawo, kowa yana so ya kai gida abin tunawa, har aka kewaye shi da katanga, amma a banza. Farkon ƙarni na 18 ya riga ya mutu. Wanda aka riƙa nuna wa baƙi bayansa, an ce daga 'ya'yansa ya tsiro.

Abu na biyu da ya ɗaukaka oak ya fi na farko nauyi, shi ne jiragen ruwa. Ingila a tsibiri take, teku ita ce ganuwarta. Wanda zai ci ta sai ya ƙetare ruwa, wanda zai tsare ta sai ya mallaki manuwa, watau jiragen yaƙi. Kafin zamanin ƙarfe kuwa da katako ake ƙera su, ba kuma kowane katako ke jure harsashin igwa da ruwan gishiri ba. Jirgi guda mai igwa 74 yakan cinye manyan itatuwa wajen 2,000. Jirgin nan Victory, wanda aka soma ƙerawa a Chatham a 1759 aka tura shi ruwa a 1765, an ƙiyasta ya ci itace 6,000, kashi 9 cikin 10 oak ne. Ba miƙaƙƙu kaɗai ake so ba. Haƙarƙarin jirgi a tanƙware yake, saboda haka masassaƙa sukan bi shingayen gonaki suna neman itacen da ya girma shi kaɗai ya karkace, ko reshen da ya yi gwiwa, domin wanda ya tanƙware da kansa ya fi wanda aka haɗa ƙarfi nesa.

A shekarar nan ta 1759 Ingilishi suka ci Faransawa a wurare da dama, a tudu da a teku. David Garrick ya tsara wata waƙa, William Boyce ya sa mata kiɗa, sunanta Heart of Oak, watau Zuciyar Oak, tsakiyar itacen ke nan inda ya fi tauri. Ita ce ta zama taken sojan ruwansu. Daga nan sai magana ta wuce katako ta koma kan mutane, aka riƙa cewa Baturen Ingila kamar oak yake, ba ya gaggawa, ba ya tanƙwaruwa. Ran 21 ga Oktoba, 1805, Nelson yana cikin Victory ya jagoranci jirage 27 suka karya jirage 33 na Faransa da Sifen a Trafalgar. An harbe shi ya mutu a ranar, amma Nafoliyon bai ƙara samun halin ƙetarowa ba. Sai dai masu waƙa ba su faɗi cewa jiragen Faransawan ma da oak aka yi su ba. Tun 1669 wazirin Faransa, Colbert, ya kafa dokar tsare dazuzzuka don wannan bukata.

Yabo yana ƙaruwa, tsoro kuma yana ƙaruwa, domin kullum ana kuka itacen zai ƙare. Tun 1664 John Evelyn ya buga littafinsa Sylva, yana roƙon masu filaye su shuka. A 1698 Majalisa ta yi dokar killace wani sashe na dajin New Forest don renon katako. Collingwood, wanda ya karɓi jagorancin jirage bayan mutuwar Nelson, in ya sami hutu ya je gida yakan cika aljihu da 'ya'yan oak, duk inda ya ga wuri mai kyau ya tona ya binne. Nelson kansa ya ziyarci dajin Dean a 1802, ya rubuta wa gwamnati cewa dajin ya lalace. A 1808 aka yi doka, aka killace eka 11,000, aka shuka miliyoyi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin su girma dole a nemo katako daga ƙasashen tekun Baltik, har aka riƙa ƙera wasu jiragen a Bombay ta Indiya da wani katako na can. Jirgin Trincomalee na 1817 ɗaya ne daga cikinsu.

To, ga inda rashin gaggawar nan ya yi aikinsa. Itatuwan da aka shuka a 1808 ba za su isa sara ba sai wajen 1900. A 1860 kuwa Ingila ta tura Warrior ruwa, manuwa mai jikin ƙarfe. A watan Maris, 1862, a yaƙin basasar Amurka, jirgi guda mai sulken ƙarfe ya hallaka manyan jiragen katako biyu a yini ɗaya. Daga ranar kowa ya san zamanin katako ya wuce. Itatuwan Dean suka girma, ba mai nemansu don yaƙi. Sunan kaɗai ya rage a teku. Jirage takwas aka sa wa suna Royal Oak bi da bi, na farko mutanen Holan suka ƙone shi a 1667, na ƙarshe, wanda ƙarfe ne zalla, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi a Scapa Flow ran 14 ga Oktoba, 1939, mutum fiye da 800 suka hallaka.

An daɗe ana koya wa yara cewa jirage ne suka cinye dazuzzukan Ingila. Wani malamin Jami'ar Cambridge, Oliver Rackham, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin tsofaffin dazuzzuka da tsofaffin takardu, ya musa wannan. Ya ce abin da ya yi wa sojan ruwa ƙaranci kuɗi ne, ba itace ba, domin ba su son biyan abin da masu daji ke nema. Ya nuna kuma akwai lokacin da majema suka fi masu ƙera manuwa cin oak. Dajin da ake sara yakan sake tofo, muddin yana kawo wa mai shi kuɗi ba zai tumɓuke shi ba. Babbar ɓarna, in ji shi, bayan 1945 aka yi ta, sa'ad da aka tuge tsofaffin dazuzzuka da yawa don noma, ko aka maye su da itatuwa masu saurin girma. Mu dai mun ga hujjarsa ta fi ƙarfi.

Kafin mu ƙetara Jamus, ga wani ɗan labari daga Amurka. Charles ɗin nan da oak ya ɓoye, shi ya ba mutanen Connecticut takardar 'yancin mulkin kansu a 1662. Da ƙanensa James ya hau gado, ya aiko gwamna a 1687 ya karɓe ta. Mutanen wurin suna cewa ana cikin gardama da dare sai fitilu suka mutu, da aka kunna babu takarda, an kai ta an ɓoye a kogon wani oak. Ka ga itacen da ya ɓoye sarki daga talakawa, ga shi ya ɓoye haƙƙin talakawa daga sarki. A 2004 Majalisar Amurka ta yi doka ta ce oak ne itacen ƙasarsu.

Labarin Jamus dabam ne, abin dariya kuma da Baturen Ingila ya fara, da gatari a hannunsa. Wajen 723 wani mai wa'azin Kirista daga Ingila, Boniface, ya iske mutanen Geismar suna bauta wa wani ƙaton oak na gunkinsu mai tsawa, Donar. Ya sare shi a gabansu, suna jira tsawa ta faɗo masa, ba ta faɗo ba. Ya gina ɗakin ibada da katakon. Bayan haka shekaru aru-aru itacen da ƙauyawan Jamus suka fi so wani ne dabam, mai suna linde, a gindinsa ake rawa, a gindinsa ake shari'a.

Ba manoma ko masassaƙa ne suka komo da oak ba, masu waƙa ne. A ƙarni na 18 babu wata ƙasa guda da ake kira Jamus. Harshe ɗaya ne, amma ƙasashe wajen 300, kowace da mai mulkinta, manyansu kuwa Faransanci suke yi don nuna wayewa. Wani mawaƙi, Klopstock, ya tono labarin kakanninsu da suka hallaka rundunonin Rum uku a cikin kurmi a shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa, ya cika waƙoƙinsa da oak, ya mai da shi shaidar asalinsu. A 1772 wasu ɗaliban Jami'ar Göttingen masu ƙaunarsa suka fita da farin wata, suka ɗaura ganyen a hulunansu, suka kewaye itacen suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka. Ka ga bambanci ke nan. Ingilishi suna da ƙasa suka nemo mata alama, Jamusawa kuwa alama suka fara samu, suna neman ƙasar da za su liƙa mata.

Nafoliyon ne ya mai da wasan samari ya zama gaske. A 1806 ya murƙushe Furushiya, mafi ƙarfin ƙasashen Jamus ta arewa. Da aka tashi korarsa a 1813, sarkin Furushiya ya ƙago wata lambar girma, Gicciyen Baƙin Ƙarfe, wadda ƙaramin soja da janar duka ke iya samu, a bayanta aka zana ganyen oak uku. Da ƙasar ta haɗu a 1871, garuruwa suka yi ta shuka oak don tunawa, wasu da sunan zaman lafiya, wasu da sunan Bismarck, wazirin da ya haɗa ta.

Hitila ya iske wannan gado a shirye, ya ɗauka. Daga 1933 aka shiga shuka itatuwa da sunansa, aka ƙara ganyen oak a kan lambobin yaƙi. A wasannin Olimfik na Balin a 1936, duk wanda ya ci lambar zinariya sai a miƙa masa ɗan dashen oak a tukunya, wai ya kai ƙasarsa shaidar girman Jamus. Abin bai tafi yadda aka so ba. Jesse Owens, baƙar fata daga Amurka, irin mutanen da Hitila ke cewa ƙasƙantattu ne, shi ya kwashi lambobin zinariya huɗu. Wanda ya ci tseren mil 26 kuma, Sohn Kee-chung, mutumin Koriya ne, amma da yake Japan ke mulkin ƙasarsa tun 1910, dole ya yi gudu da tutarsu a rigarsa. Da ya hau wurin karɓar lamba, sai ya sunkuyar da kai, ya rungume ɗan dashen a ƙirji ya rufe tutar da shi.

Kusa da garin Weimar akwai wani tudu mai kurmi, inda aka ce babban marubucin Jamus, Goethe, yakan zauna a gindin wani oak. A 1937 aka sa fursunoni suka sare kurmin, aka gina sansanin gwale-gwale na Buchenwald, amma aka bar itacen nan tsaye a tsakiya saboda girmama Goethe. Mutum wajen 56,000 suka mutu a sansanin, Yahudawa da 'yan siyasa da fursunonin yaƙi da sauransu. Masu gadi suna kallon itacen su ga ɗaukakar ƙasarsu, fursunoni suna kallonsa su tuna da wata Jamus wadda ba ta waɗannan ba. A tsakaninsu akan yi raɗa cewa ranar da ya faɗi mulkin ma zai faɗi. Ran 24 ga Agusta, 1944, jiragen saman Amurka suka jefa bom a ma'aikatar makamai da ke gefen sansanin, wuta ta kama itacen, aka sare shi. Ba a cika wata tara ba Jamus ta miƙa wuya. An bar kututturen a wurin.

Bayan yaƙi Jamusawa sun zubar da alamu da yawa, wasu ma doka ta hana nuna su, amma ba su zubar da oak ba. Dazuzzukansu sun sha sara, wani don makamashi a shekarun sanyi da yunwa, wani don biyan diyyar yaƙi. Maza da yawa sun mutu ko suna tsare, saboda haka mata ne suka fita da 'yan dashe suna mai da itatuwa, a kan lada kaɗan. A 1949, sa'ad da Jamus ta Yamma ta buga sababbin kuɗi, a bayan tsabar fenik 50, watau rabin mak, aka sa hoton wata mace da ɗankwali, ta durƙusa tana dasa ɗan oak a ƙasa. Richard Werner ne ya zana ta, matarsa Gerda kuwa ita ce ya kwaikwaya. Ya rasu a shekarar, ita kuma ta yi kusan shekara 40 hotonta yana yawo cikin aljihun miliyoyin mutane, ba su san ko wace ce ba. An yi ta ciniki da tsabar har ƙarshen 2001. Da aka koma kuɗin yuro a 2002, Jamus ta sa reshen oak mai 'ya'ya biyu a bayan ƙananan tsabobinta uku, na santi 1 da 2 da 5.